Akwatinmu Mai Kwaɗo Uku

A ɗakin ajiyar ƙungiyarmu ta manoma akwai wani akwatin ƙarfe da mai walda ya haɗa mana a Saminaka. Kwaɗo uku ne a jikinsa. Makulli ɗaya yana wurina, ɗaya yana wurin wani dattijon Kurama da kowa ke kira Baba Ma'aji, na ukun yana ruga a hannun Ardo. In ɗayanmu bai zo ba, akwati ba ya buɗuwa. Baƙi kan gani su yi ta sha'awa, su ce lallai mutanen nan akwai amana a tsakaninsu. Ni da aka yi komai a kan idona na san ba haka aka faro ba. Rashin yarda ne ya sa aka rataya masa kwaɗo uku. Amanar daga baya ta zo, da rarrafe, kuma sai da kowannenmu ya yi asarar wani abu kafin ta zauna.

Mahaifina ba ɗan ƙasar Lere ba ne. Daga ƙasar Kano ya taso da kayan kolinsa yana bin kasuwannin ƙauye, har Allah Ya sa ya yada zango a wani gari da ke gefen Saminaka. Da ya so yin noma, sai ya je wurin wani tsohon Kurama ya roƙi gona. Tsohon ya ja shi har bakin rafi, ya nuna masa da sanda: daga wannan ɗorawa zuwa waccan tsamiya. Ba takarda, ba ko kwabo. Abin da ke tsakaninsu shi ne galla, wato duk kaka mahaifina ya kai masa dami ɗaya na dawa. Tun ina ɗan shekara takwas ni ke ɗaukar damin nan a kai, Baba na gaba ina biye, mu haura har gindin dutse inda gidajen Kurama suke. Matar tsohon takan kawo mana ruwa a ƙwarya. Baba ya karɓa ya sha ya yi godiya. Ni kuwa sai in ce na ƙoshi, ko da maƙogwarona ya bushe, domin yaran unguwarmu sun gaya mini ba a shan ruwan gidan arna.

Haka garinmu yake a lokacin. Hausawa a bakin kwalta da masallaci da shaguna, Kurama a gindin dutse da cocinsu, 'yan gidaje na Kahugu da Gure da Amo a tsakani, Fulani a tsallaken rafi. Kowa na jin Hausa, har wa'azin coci da waƙoƙinsu da Hausa ake yi. Kasuwa ɗaya muke ci, rafi ɗaya muke sha. Amma na kai shekara talatin a duniya ban san cewa mutanen da muke kira Kurama su da kansu Akurmi suke kiran kansu ba. Ban taɓa tambaya ba. A ganina tun da suna jin yarena, babu abin da ya rage in sani game da su.

Tsohon ya riga mahaifina rasuwa, Baba kuma ya bi shi a 1998. Daga wannan kakar na daina kai galla. Wani mai ɗan ilimin boko a unguwarmu ya ce mana ai tun 1978 aka yi dokar da ta mayar da ƙasa hannun gwamna, saboda haka babu wanda ke bin mu bashin dami. Maganar ta yi mini daɗi na riƙe ta. Magajin tsohon, wanda malamin firamare ne a lokacin, bai aiko ba, bai yi magana ba. In mun haɗu a hanya ya gaishe ni, in amsa ina kallon gefe. Sai ga rikicin Kaduna na Fabrairun 2000, sai na Jos a Satumban 2001. Hanyarmu ce ta haɗa garuruwan biyu, don haka duk wanda ya tsere ta kanmu yake bi, kowa kuma unguwar masu addininsa yake sauka ya ba da labarin abin da aka yi wa nasa. Mu muna jin rabi, su suna jin rabi. Gaisuwar ma ta fara ƙaranci.

Masara ce ta tilasta mana zama a tabarma ɗaya. Duk wanda ya san ƙasar Saminaka ya san masara ce arzikinta, manyan motoci daga kudu da arewa nan suke lodi. Tun shekarun 1990 malaman gona da ke aiki da shirin Sasakawa suka koya mana shuka da igiya: santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, ƙwaya ɗaya a rami, a binne taki a gefe kada a watsa. Amfani ya ninka, amma irin wannan noman ba ya yiwuwa sai da takin zamani, kamfa da yuriya, su kuwa kuɗi suke so. A 2009 malamin gonar yankinmu ya tara mu ya ce duk wani tallafi ko rance da ke tafe ba a ba mutum ɗaya, sai ƙungiya mai rajista da asusun banki. Ya kawo misali da shirin Fadama, inda ake son manomi da makiyayi da masunci su zauna inuwa ɗaya tun da ruwa ɗaya suke amfani da shi. Mu Hausawa muka koma gefe muka ce za mu yi tamu ta kanmu. Da muka ƙirga sai muka ga manoman gaske a cikinmu 11 ne kawai, sauran 'yan kasuwa ne. Fadamar da muke son yin noman rani a kai ta Kurama ce. Mashayar da ke ƙasanta kuma ta Fulani ce tun kaka da kakanni. Ba don so ba muka haɗu, mutum 34.

Zaman farko har yau yana idona. Ƙarƙashin mangwaron makarantar firamare, ba wanda ya tsara, amma sai ga mu kashi uku kamar an ja layi. Mun shafe yamma guda a kan ranar taro kaɗai: Juma'a ba ta yiwuwa, Lahadi ba ta yiwuwa, ranar kasuwa ba ta yiwuwa, da safe Fulani na tatsa da fita kiwo. Aka tsaya a kan Asabar bayan la'asar. Aka dawo kan addu'a, aka ce Musulmi ya buɗe Kirista ya rufe, sati na gaba a juya. Da aka zo kan wanda zai riƙe kuɗi sai wuri ya yi tsit. Mu muna ganin kuɗi a hannunsu giya zai tafi. Su suna ganin Bahaushe zai juya shi a kasuwa ya ce an yi asara. Dukkanmu kuma muna ganin Bafillace zai iya tashi da shi cikin dare. Malamin gona ne ya kawo dabarar kwaɗo uku. Aka zaɓi magajin tsohon nan ma'aji saboda ya iya lissafi, ni sakatare, Ardo mai makulli na uku. Wato mutumin da nake kauce wa idonsa shekara 11, shi zan riƙa zama kusa da shi kowace Asabar.

A daminar farko na yi abin da har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Takin da muka yi odarsa ya zo a makare, kuma bai cika ba. Ana cikin gardamar rabo, raina ya ɓaci, na ce ai ba za mu zauna arna su yi mana rabo ba. Kalmar ta fita kamar yadda take fita a unguwarmu kullum, ban ma ji nauyinta ba. Wata uwa a cikinmu, shugabar zumuntar mata ta cocinsu, ta miƙe ta gyara ɗaurin zaninta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam Sakatare, ɗana, ranar da aka haife ka ina cikin matan da suka kai wa uwarka itacen wankan jego. Ina da suna, ina da addini. In kuɗina ba su yi ƙazantar shiga akwatin nan ba, to bakinka ma ya koyi kirana da sunana." Ta zauna. Ba wanda ya yi tari. Na nemi ƙasa ta tsage in shige.

A wannan zaman aka kafa dokar tara. Wanda ya ce wa wani arne, tara. Wanda ya ce wa Bahaushe baƙo ko ɗan ci-rani, tara. Wanda ya ce wa Bafillace agwai, ko ya ce duk ɗan Fulani ɓarawo ne, tara. Ni na fara biya, na rubuta sunana da hannuna a shafin farko. A shekarar nan shafin ya cika, kuma babu ɓangaren da bai shiga ba. Nan na gane cewa kalmar baƙo tana yi mini zafi daidai da yadda tawa take yi musu, ni da aka binne cibiyata a garin.

Sai maganar gayya. Kurama sun fi mu riƙe ta nesa ba kusa ba. In suka jera a kunya da manyan garemaninsu ana kiɗa, gonar da za ta ci mini sati da 'yan ƙwadago kafin azahar sun tashe ta. Muka so shiga, amma abinci ya tsaya a tsakani. Gayyarsu da burkutu ake yi, wasu gidajen suna kiwon alade, mu kuma ba ma cin yankan da ba mu san yadda aka yi shi ba. Gayya biyu muka yi muna tafiya da ƙunshin abincinmu, mu koma gindin wata bishiya daban. Wannan ya fi rashin zuwan ciwo, domin mai gona yana kallon tuwon da matarsa ta kwana tana tuƙawa ya huce a akushi. Maman Zumunta ce dai ta warware. Ta sa mata suka yi karo-karo suka sayi tukwane biyu sababbi da ba a dafa komai a ciki sai abincin gayya, aka ajiye su a ɗakin ƙungiya. Akuya ko kaji, Musulmi ke yankawa. Kunu da fura ake sha a gona, mai son giya ya jira sai ya koma gida. Wasu samarinsu sun yi gunaguni, suka ce don me kullum su ne za su sauya al'ada saboda mu. Ina ganin suna da gaskiya. Abin da muka iya mayarwa shi ne muka daina sa gayya ko rabon kaya ranar Lahadi, kuma duk Kirsimeti mu ke gadin ɗakin ajiya da lambuna don su yi bikinsu hankali kwance, su kuma su karɓe mu ranar Sallah. A gonar Baba Ma'aji na fara cin tuwon acca da miyar karkashi daga tukunyar gidan da ba na Musulmi ba. Ina da shekara 37.

Rance ya kusa wargaza mu. 'Yan'uwanmu Kirista suka kawo shawarar duk wanda ya ci bashin akwati ya ɗora goma bisa ɗari. Muka ce wannan riba ce, addininmu ya hana. Baba Ma'aji ya tambaya, to da me akwatin zai girma? Ardo, wanda ba ya yawan magana, ya ce shi abin da ya sani shi ne da kaka masara ba ta da daraja, kowa na rububin sayarwa don biyan bashi da kuɗin makaranta, amma in aka kai Yuni da Yuli rumbu ya yi ƙasa sai ta yi tsada. Me zai hana akwati ya sayi masarar 'yan ƙungiya da kaka, ya adana, ya sayar da damina? Haka aka yi. Da farko ƙwari sun yi mana ɓarna, sai da muka koma buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ba ya buƙatar magani. Limaminmu ya ja kunnenmu kada abin ya zama ɓoye abinci ana yunwa, fastonsu ma ya faɗi irin haka, sai aka sa doka cewa kafin a kira ɗan kasuwa, zawarawa da 'yan ƙungiya za su fara saya a ƙasa da farashin kasuwa. Rance kuma ya zama babu ruwa, abin da ka ɗauka shi za ka mayar.

Amma sai mutane suka fara ƙin biya, kuma kowa na kare nasa. In Bahaushe ya gaza, mu ce a yi masa uzuri. In ɗan gindin dutse ne, mu ce a kwashe masararsa. Su ma haka. Baba Ma'aji ya kawo dokar da a ganina ita ce ƙashin bayan ƙungiyar nan har gobe: mai neman rance ya kawo wanda zai tsaya masa, kuma kada ya kasance ɗan ƙabilarsa. Mutane suka yi ta surutu. Amma mai son taki dole ya taka ya je wata unguwa, ya yi sallama, ya zauna, ya roƙi alfarma. Wanda zai tsaya maka kuwa sai ya je ya ga gonarka, ya san yawan iyalinka, ya san ko kana da mara lafiya a gida. Kafin shekara biyu na san cikin gidajen Kahugu da Amo fiye da yadda na sani a duk rayuwata.

Ni wani saurayi ɗan ruga na tsaya wa, ya ɗauki buhu biyu na taki. Damina ta yi nisa sai ciwon huhu ya shiga garkensu, ya sayar da masararsa tun tana ɗanya ya sayi magani, shanun ma wasu suka mutu. Ranar biya bai zo ba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, na auna masarata na biya, raina a ɓace, 'yan unguwarmu suna cewa ai mun gaya maka. Bayan girbi, wata safiya na je gona na tarar da shanu kwance a cikinta an kafa turaku. Yaron ya taso ya durƙusa ya ce, "Kawu, kuɗi ba ni da su. Amma shanun nan za su kwana a gonarka har bazara." Wata uku suka yi. Gefen gonar da wuta-wuta ta cinye har na fid da rai da shi, a shekarar da ta biyo ya ba ni masarar da ban taɓa gani a wurin ba.

Ba kullum abin ke ƙarewa da daɗi haka ba. Shanu sun taɓa shiga gonar ƙanena suka yi ɓarna. Ƙa'idarmu ita ce mutum uku su je su duba, manomi Musulmi, manomi Kirista da makiyayi, kafin a kai magana wurin mai unguwa ko 'yan sanda. Da muka je da dattawan da suka san tsohuwar iyaka, sai ga shi ƙanena ne ya cinye burtali da kunya tara. Aka yanke cewa makiyayi zai biya abin da ke cikin gona ta asali, abin da ke kan burtali kuwa babu diyya, kuma a buɗe hanyar. Ni na rubuta hukuncin. Ƙanena ya yi wata shida ba ya amsa gaisuwata, a masallaci ana nuna ni ana cewa na sayar da ɗan'uwana don in burge Fulani.

Sai Afrilun 2011. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 16 ga wata, kafin a gama faɗin sakamako Arewa ta kama da wuta. Aka ƙona coci-coci a garuruwa da dama, aka yi wa Musulmi kisan gilla a Zonkwa da Matsirga, Kafanchan ta ƙone. Daga baya masu bincike suka ce sama da mutum 800 ne suka mutu a jihohin Arewa. Gwamna Patrick Yakowa ya sa dokar hana fita ba dare ba rana. A garinmu waya ce ta zama masifa. A kira mu a ce ga 'yan gindin dutse nan sun wasa kibau. A kira su a ce Hausawa sun ɓoye baƙi a masallaci. Samari suka fara taruwa a kowane ɓangare.

Da magariba wayata ta yi ƙara, Baba Ma'aji ne. Ya ce, "Ɗana, gaya mini gaskiya tsakaninka da Allah, akwai baƙi a masallacinku?" Na ce babu, Baba, in kana so zo ka duba. Ya ce yana zuwa. Ya sauko shi kaɗai da tocila, na tarye shi a bakin kwalbati, na kai shi ya leƙa da idonsa. Ni ma na bi shi muka haura, na ga samarinsu da sanduna, tsoro ne fal a idonsu irin wanda na baro a idon namu. Ardo ya tsallako rafi. Mu ukun muka shimfiɗa buhuna a ƙofar ɗakin ajiya, wanda ke daidai tsakanin unguwannin, buhun masara 140 na mutum 34 a bayanmu. Duk jita-jitar da ta shigo wayar ɗayanmu, sai mu tura mutum biyu, ɗaya daga nan ɗaya daga can, su je su gano. Dare uku muka yi haka. Ban ce mu muka tsare garin ba, domin hakimai da malamai da fastoci sun yi nasu, kuma Allah ne Ya tsare. Amma na san samari da yawa sun koma gida ne don sun ga iyayensu zaune wuri ɗaya, kuma abincin gidansu na cikin ɗakin da za a ƙona.

A dare na biyu, Ardo na gyangyaɗi, Baba Ma'aji ya ce mini a hankali, bayan rikicin 2001 danginsa sun taru sun ce ya karɓe gonar bakin rafi tun da mun daina kawo galla. Ya ce musu babansa ne ya bayar da bakinsa, shi ba zai tashe maganar mamaci ba. Ya ce, "Ba dawar nake so ba, ɗana. Tsohuwa ce kullum da kaka take tambayata ko yaron mai koli lafiya." Na rasa abin cewa. Kuma duk da haka ban kai ba. Ƙannena suka ce in na kai dami yanzu da ƙasa ta yi tsada, na amsa da bakina cewa gonar ba tamu ba ce, gobe 'ya'yansa su kai mu kotu. Tsoron nan ya riƙe ni shekara shida.

Rikicin bai bar mu haka ba. Mutum biyu sun fita daga ƙungiya, ɗaya an kashe masa wa a Zonkwa, ɗaya an ƙona cocin da ɗansa ke aiki. Ba wanda ya iya ba su haƙurin da zai dawo da su, ɗayan har yau in ya hango taronmu sai ya sauya hanya. Sauran muka ci gaba. Da aka fara rabon taki ta saƙon waya a 2012, 'ya'yanmu ne ke karanta wa tsofaffin ruga da na gindin dutse saƙonsu. Da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta ɓullo a 2016 ta game ko'ina a daminar da ta biyo, mun ga in ka yi feshi maƙwabcinka bai yi ba aikin banza ka yi, sai muka sayi injinan feshi na ƙungiya muna bin gonaki a jere da sassafe ba tare da tambayar ta wane ne ba. Da aka shiga wahalar takardun kuɗi a farkon 2023, kuɗin akwatin nan ne ya kai mata biyu asibiti haihuwa, ɗaya daga ruga, ɗaya 'yar Gure. Akwai kuma abin da ba mu taɓa ba har yau. Lokacin zaɓe kowa na komawa gidansu, shi ya sa muka hana maganar jam'iyya a taro. Aure tsakaninmu babu. Abin da yaranmu ke rubutawa a Facebook in an yi tashin hankali a wani wuri yana tayar mini da hankali, domin tarar ƙungiya ba ta kai can.

A kakar 2017 tsutsa ta yi wa Baba Ma'aji mummunar ɓarna, tsohuwarsa kuma ta kwanta ciwo. Na tara ƙannena na ce ni dai zan je. Muka yi shawara da shi, muka tafi gaban mai unguwa da shaidu daga ɓangarori uku aka rubuta takarda: gonar bakin rafi tana hannun zuriyar mahaifina, ba mai tashinsu, ba za su sayar ba sai da sanin zuriyar tsohon, dami ɗaya na dawa kuma duk kaka. Washegari na ɗaure damin da kaina. Akwai babur, amma na ɗora a kai na haura da ƙafa. Aka fito da tsohuwa bakin ƙofa, idonta ya riga ya tafi. Ta shafa zangarniyar, ta shafa fuskata, ta ce da Hausarta mai karyewa, "Yaron mai koli ne? Ka daɗe a hanya." Ta sa jikarta ta kawo ruwa a ƙwarya. Na karɓa da hannu biyu na shanye.

Ta rasu kafin damina ta zagayo. Mun je jana'izarta mu 11, da Ardo da mutanensa, muka tsaya a harabar coci har aka gama, samarinmu ne suka taya haƙa kabari. Bana gwiwata ta hana ni hawa dutse da kaya, sai na ɗora wa autana damin, ina gaba yana biye. A hanya na koya masa gaisuwar safe da yaren Akurmi kamar yadda Baba Ma'aji ya koya mini, yana ta maimaitawa har muka isa ƙofar gidan.